Ranar da Bonet ɗin Sumaila Ya Tashi da Kansa

Duk wanda ya taɓa hawa tasi tsakanin Kejetia da Sofoline a nan Kumasi cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya bai shiga motar Sumaila ba. Idan sunan bai tuna maka kowa ba, ka tambayi direbobi ina Wofa Poma. Asantawan tasha ne suka raɗa masa, wai kawu mai sanda, sunan kuma ya biyo shi har cikin Zongo. Ni ba na kiransa ko ɗaya daga ciki. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi ma haka yake ce mini, har gobe ba a raba gardamar ba. Ni ne Razak mai goro, ɗakina na kallon nasa a gida ɗaya, kuma abin da kowa ke jin nauyin faɗa masa ni nake faɗa.

Sandar ta ubansa ce. Kawu Abdul-Manan falken shanu ne, na zamanin da ake koro su da ƙafa daga arewa har Kumasi. Sandarsa baƙa ce wul don shan gumi, kanta a lanƙwashe kamar ƙugiya, da shi yake saƙalo ƙahon bijimin da ya kauce hanya. Ya so Sumaila ya gaje shi. Yakan ja shi kasuwar shanu ya nuna masa yadda ake sanin dabba: a dafa tozo, a danna gadon baya, wanda ya lotsa a wuce shi, wanda ya turo maka hannu baya a yi cinikinsa. Sumaila ya haddace karatun tsaf, amma idonsa na kan titi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bi wata babbar mota mai zuwa Tamale, Kawu ya yi shekara guda bai amsa gaisuwarsa ba. Sun shirya daga baya. Da tsohon ya rasu aka zo rabon ɗan abin da ya bari, Sumaila ya ce shi a ba shi sandar, ta ishe shi.

Ya daɗe yana jan motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar tasi mai fentin ruwan ɗorawa a saman tayoyinta irin na garin nan. Motar ta zo babu siririn ƙarfen nan da ake tokare bonet da shi. Safiyar farko ya ɗaga bonet, ya waiwaya neman abin tokari, hannunsa ya faɗa kan sandar Kawu. Ta zauna daram kamar an auna ta. Na ce masa, haba bawana, sandar da ta kora bijimai ka mayar da ita mai gadin injin? Ya ce da ita aka ciyar da shi, da ita zai ciyar da nasa, in na ji haushi in tafi maƙabarta in kai ƙara.

Tun daga ranar, kullum aka idar da sallar asuba sai ya ɗaga bonet ya kafa sanda. Ya zaro ma'aunin mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya kai shi kusa da ido. Ya duba ruwan lagireto, ya taɓa kan batir, ya danna bel da ɗan yatsa. Ko motar ta kwana ba ta motsa ba sai ya yi. Direbobin da ke barin ma'aikatan gidan mai su duba musu kuwa sun shiga uku da bakinsa, yana ce musu fasinjoji masu riƙe da sitiyari. Daga nan sai ya kawo maganarsa da kowa ya haddace:

"Ranar da na kasa buɗe bonet ɗina, in duba, in rufe da kaina, ranar zan ajiye makulli."

Ya faɗe ta a tasha, ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a zaman makoki inda ba wanda ya tambaye shi. Magana kuwa zarar bunu ce. Wadda ta fi kowa jin ta ita ce babbar 'yarsa Rashidatu, wadda a kujerar gaban motar nan aka riƙa kai ta makaranta, yanzu kuma nas ce a wani asibiti wajen Bantama.

Daminar bara kafaɗarsa ta dama ta riƙe. Ba faɗuwa ya yi ba, ba haɗari, shekaru sittin da shida ne kawai suka zo gaisuwa. Hannun yana jan giya, yana juya sitiyari lafiya lau, amma ya ɗaga shi ya wuce ƙirji sai ka ga gumi ya karyo masa. Bonet ɗin tsohuwar mota kuwa ƙarfe ne na gaske, hannu ɗaya ba ya kai shi sama. Sumaila bai gaya wa kowa ba. Ni ta tagata na gano. Wata asuba na leƙa sai ga matarsa Fusena, wadda ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin layinmu, ta turo bonet sama da hannu biyu tana nishi, shi kuma yana zura sanda ta ƙasa yana waige-waige kamar ɓarawon akuya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na gama dariyar kuma sai na ji tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa zaton zan ji a kan bawana ba.

Sun yi wata biyu a haka. Ranar wata Litinin Rashidatu ta taso daga aikin kwana, ta biyo ta gida don ta karɓi waakye, ta tarar da uwarta a ƙarƙashin bonet. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida ubanta yadda ya kamata, ta kama hannunsa ta ɗaga a hankali har inda ya cije leɓe, sannan ta sake shi.

"Baba, Asabar ba ni da aiki," ta ce. "Zan zo da safe. Ka buɗe, ka duba, ka rufe, ba wanda zai taɓa maka. In ka yi, na yi shiru. In ba ka yi ba, kai ka faɗi abin da za a yi, ba ni ba."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan nasa ne ta ɗauko, ta ƙara masa karatu. Kuma ba mugunta ta sa ta ba, tana ganin irin su a asibiti kullum, tsoro take ji.

Ranar nan Sumaila bai fita aiki ba sai da hantsi. Ya zo ya zauna a rumfar gorona yana juya makulli a yatsa. Na ce masa rai dangin goro ne, yana son hutu, ya miƙa makullin ya huta mana. Ya nuna mini bencin da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar masallaci, inda tsofaffin unguwa ke zama daga safe har la'asar suna lissafin wanda ya rasu da wanda ke kwance. Ya ce duk wanda ya hau bencin nan ba ya sauka sai a makara. Ya ce shi ba talauci yake tsoro ba, yaran sun girma, abin da yake tsoro shi ne ya farka da asuba ba abin da ke jiransa. Sai na ba shi goro.

Dabarar daga Fusena ta fito, domin ita ce hannuwanta suka ji jiki. Ranar Alhamis mai kawo mata shinkafa ya zo da wata mota, ya taɓa but ɗin bayan motar da yatsa biyu, but ya tashi shi kaɗai ya tsaya a sama ba sanda ba mutum. Ta bar tukunya a wuta ta zagaya ta leƙa, ta ga wasu ƙarafa biyu kamar famfon keke a gefe da gefe. Ta tambaya, aka ce mata shok ne, iska ce a matse a ciki take turawa, a Magazin ana zuba su tuli, kuɗinsu bai kai na tiren waakye ɗaya ba. Ta san in ita ta gaya wa mijinta zai ce wasan yara ne, sai ta zo wurina da gudunta, ludayi a hannu. Ta ce shekara arba'in da aure an mayar da ita jak, in ban kai Baban Rashida Magazin ba kada in ƙara sa ran cin waakye ɗinta.

Na san ta inda ake kama shi. Na je na ce masa na ji labarin wani abu, amma ba na irinsu ba ne, na direbobi masu ilimi ne, shi ya je ya zaɓi wurin zamansa a benci tun kafin a cika. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a ya tambaye ni sau uku yadda abin yake. Ana sallamewa muka kama hanyar Suame, inda Magazin take.

Wanda bai san Magazin ba, gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai, duk abin da aka taɓa ɗaura wa mota yana can a wata rumfa. Muka fara zuwa wurin Boukari mai walda, wani ƙaton Bamoshe da ya daɗe yana yi wa Sumaila aiki. Ya ji bayani ya yi dariya, ya ce abu ne mai sauƙi, ya yi wa mutane da yawa. Ya ɗaga bonet da hannu ɗaya ya ji nauyinsa, ya auna da tef, ya yi alama da alli, sannan ya raka mu rumfar mai sayar da shok na hannu, waɗanda aka ciro daga motocin da suka mutu.

A nan jinin Kawu Abdul-Manan ya motsa. Sumaila ya ga tulin shok a ƙasa, idonsa ya yi wani irin haske, ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki ɗaya ya kafa a ƙasa, ya dafa da tafin hannun hagu ya danna da nauyin jikinsa. Ya lotsa. Ya jefar ya ce ramamme ne. Ya ɗauki wani, shi ma ya lotsa, ya ce wannan ba zai kai Kintampo ba balle Kumasi. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafawa yana dannawa kamar yana tsakiyar kasuwar shanu, har ya kai kan wasu guda biyu masu kauri, baƙaƙe. Ya hau kansu da ƙirji, ko gezau. Ya juyo baki har kunne ya ce ga bijimai.

"Wofa, wannan na bayan jip ne," in ji Boukari da Hausarsa ta Magazin. "Ya fi karfin mota naka. Dauki karami, ya isa."

Sumaila ya ce ubansa bai koya masa sayen abin da ke lotsawa ba. Ni da ya kamata in goyi bayan mai sana'a, sai na ce ai bawa ba ya sanin abu mai kyau sai yau. Boukari ya ɗaga kafaɗa ya karɓa.

Aikin bai kai awa biyu ba. Boukari ya yanko ƙananan ƙarafa ya yi musu kunne, ya ɗaura biyu a jikin mota kusa da gilashi, biyu a cikin bonet, ya ƙara faranti a bayansu don kada ƙarfin shok ya lanƙwasa bonet ɗin. Ya juya shok ɗin siririn ƙarfensu yana kallon ƙasa, ya ce haka man da ke ciki zai riƙa jiƙa bakin, su daɗe. Ya buga kowanne a mazauninsa har ya ce ƙas. Ya sauke bonet ya rufe, ya ja da baya ya ce bismilla.

Sumaila ya ja wayar da ke ƙarƙashin sitiyari, ya zagayo gaba, ya sa yatsa ya kauda ɗan maƙalin, ya ɗan tura. Bonet ya yi wani huci a hankali ya tashi, ya tashi, ya miƙe har ƙarshe ya tsaya ƙyam. Ban taɓa ganin fuskar bawana haka ba, ko ranar aurensa. Ya yi kabbara. Ya tafa cinya. Ya kira mai sayar da ruwa da ke wucewa ya ce ta tsaya ta gani. Makanikan rumfunan kusa suka taru suna ta Wofa Poma, Wofa Poma, wani ya ce yau poma, wato sandar, ta yi ritaya. Sumaila ya ce a sake. Boukari ya sa hannuwansa irin na maƙera ya janyo bonet ya rufe, Sumaila ya sake buɗewa. Sau bakwai na ƙirga. Sau biyar Boukari ya rufe, sau biyu ni na rataya a jiki na rufe, ina jin taurinsa amma murna ba ta bar ni na yi tunani ba. Duk taron nan ba wanda ya lura cewa mai motar bai rufe ko sau ɗaya ba.

A hanyar gida yana ta zuba, yana cewa zai nuna wa 'yan tasha, zai nuna wa limam. Muna wuce Manhyia ya kalli madubi ya hango sandar kwance a kujerar baya, sai maganar ta tsaya. Da muka isa ya ɗauke ta ya shiga da ita ɗaki ya jingine a bayan ƙofa, karo na farko cikin shekara ashirin da ta kwana ba a mota ba. Ya so ya nuna wa Fusena aikin nan take, ni na hana. Na ce ya bari sai gobe a gaban kowa, abin ya fi armashi. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Asabar da safe ƙofar gidanmu ta cika, domin ni da bakina na bi layi na gayyato mutane. Direbobi uku sun ajiye lodi sun zo. Tsofaffin benci ma sun taso. Rashidatu ta iso ta tsaya gefe, ta harɗe hannuwa. Sumaila ya fito cikin farar riga kamar ranar idi, ya ja waya, ya kauda maƙali, ya taɓa da yatsa ɗaya. Bonet ya tashi. Fusena ta rangaɗa guɗa, direbobi suka hau tafi, Rashidatu ta saki baki ta matso tana leƙen ƙarafan. Shi kuwa ya zaro ma'aunin mai yana yanga, ya goge, ya mayar, ya duba ruwa, ya taɓa batir, yana yi yana kallon tsofaffin benci ta gefen ido.

Sai aka zo rufewa. Bonet ya tafi sama fiye da inda sanda ke tsayar da shi a da. Ya miƙa hannun dama, ya tsaya a ƙirji. Ya miƙa na hagu ya kamo bakin da ƙyar ya ja, bijiman Magazin suka ce ba su san zancen ba. Ya sake ja har ƙafarsa ta zame. Tafi ya mutu. Na taka zan kama masa, Rashidatu ta ce, "Baba Razak, kada ka taɓa." Na dubi fuskarta na ga ba nasara take so ba, idonta ya cika da hawaye, amma ba za ta janye ba. Ni kuwa na san da bakina na zuga shi ya ɗauki waɗannan ƙarafan.

Sumaila ya tsaya yana haki, yana kallon bonet a sama. Can ya juya ya shige ɗaki. Wani tsoho ya ce a watse a bar mutum da kunyarsa. Ba a kai ga watsewa ba ya fito da sandar Kawu a hannu. Ya riƙe ta ta gindi, hannuwansa biyu a daidai cibiya inda kafaɗar ba ta ciwo, ya miƙa lanƙwasasshen kan sama ya saƙalo maƙalin bonet. Ya kafa dugadugai, ya kwanta baya da dukan jikinsa, yadda na sha ganin ubansa yana yi wa bijimi mai gardama. Bonet ya yi tsaye kamar ba zai zo ba, sannan ya fara sunkuyowa. Da ya wuce rabi ƙarfin shok ya saki, ya sauko salin-alin. Sumaila ya zare sanda, ya ɗora tafin hannu ya danna. Muka ji ƙas.

Abin da ya biyo baya ba na iya tsara shi. Na san Fusena ta yar da ludayi, na san wani direba ya shiga motarsa yana ta danna ham, na kuma san ni Razak, da furfurata, na yi tsalle. Rashidatu tana dariya tana share ido. Ta ce ta ji ta gani, ba wanda ya taɓa masa, makulli nasa ne. Amma duk Talata zai zo asibiti a gasa masa kafaɗar, kuma daga la'asar ya ajiye mota. Ya ce ya yarda, da sauri, kafin ta ƙaro wani sharaɗin.

Da labari ya kai Magazin, Boukari ya aiko cewa a kawo motar ya canza masa da ƙananan, minti goma ne, da yatsa zai riƙa rufewa. Na kai saƙon da kaina, na ƙara da cewa ko bawa ya kamata ya san gyara kuskure. Sumaila yana zaune a bakin ƙofar mota, sandar a kan cinyarsa, yana goge ta da tsumman mai.

"Ka ce masa na gode, a bar su," ya ce. "Daren nan da ta kwana a bayan ƙofa ban runtsa ba, ina kallonta ina ganin kaina. In aka sa masu laushi, wane aiki za ta yi?"

Ya buɗe ƙofar baya ya kwantar da ita a kan kujera, ya tada mota, ya ce in matsa masa daga hanya fasinjojin Sofoline na jiransa.